Kyautar Onyema

Bulumkutu, Maiduguri.
9 ga Yuli.

Zuwa ga yayata abar ƙaunata, Ya Kaltum,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Alhaji da yara da duk mutanen Potiskum. Yaya kunnen? Ana ɗiga maganin kuwa, ko an ajiye shi kan firji ana kallo? Mu nan lafiya lau, damina ta sauka, sai godiya.

Na san za ki yi mamakin ganin rubutun hannuna, ni da na shekara goma sha tara ina buga wa mutane takardu. Waya dai ba ta yi mana, in yi ta ihu kina cewa in sake. Amma dalilin da ya hana ni buga wannan a inji shi ne labarin da zan ba ki.

Tun da mai ya yi tsada janareta ya fi ƙarfina, tsohuwar kwamfutata kuwa ba ta motsi sai da shi. Na yi sati biyu ina zaune ina korar ƙuda. Ran nan sai ga Onyema, kin tuna shi, mai gyaran waya da kwamfuta da ke shago na uku daga nawa, mijin Chiazom da ta kawo miki kifi banda lokacin da kika zo. Shi ne wanda duk shekarun tashin hankalin nan bai bar garin ba, alhali 'yan uwansa sun kwashe. Ya shigo da wata tsohuwar laftof a hammata, ya ce ta daɗe a ƙarƙashin teburinsa, ya sa mata wani tsari wai shi Linux a maimakon Windos da muka saba, ta farfaɗo. Ƙaramin faifan sola da batir ɗaya sun ishe ta har da 'yar firinta. Na ce nawa. Ya ce laftof ɗin kyauta ce ta maƙwabtaka, shi kuwa Linux dama ba a sayar da shi, wai wasu mutane ne a ƙasashe daban-daban suka haɗu suka yi shi, duk mai so ya ɗauka.

Ya Kaltum, ki ji fa. Mutanen da ba su san ni ba, ba su san uwata ba, su zauna su ɓata dare da rana su yi abu su ba ni a banza? A garin nan ko ruwan rijiyar burtsatse sai ka biya mai tura kura. Na karɓa na yi godiya, amma a raina na ce ruwa ba ya tsami banza.

Kwana ukun farko na sha wuya. Abin da na saba samu a hagu ya koma sama, wurin buga takarda ya canza suna, firinta ta yi mini yaji. Sau huɗu ina leƙa shagon Onyema a wuni ɗaya. Ya zo ya buɗe wani baƙin allo ya yi 'yan rubuce-rubuce da sauri, firinta ta kama aiki. Wannan baƙin allo bai kwanta mini ba. Na ce me ya rubuta, ya ce ba abin da zan sake buƙata ba ne. Mutum ya yi magana da kayanka da yaren da ba ka ji, kuma ya ce kar ka damu.

Gaskiya dai daga rana ta huɗu hannuna ya saba. Ba ta tsayawa tana tunani kamar waccan, kuma cutar kwamfuta da ɗalibai ke kawowa a filas ɗin ajiyar takardunsu ba ta kama ta. Har haruffanmu masu lanƙwasa ya nuna mini inda suke, na daina gyara su da biro. Shagon ya yi tsit, ba hayaƙi ba ƙara. Ketura mai kitso, wadda muke raba bango da ita, ta ce Allah ya yi wa Onyema albarka, kanta ya huta. Aikina dai yana nan yadda aka koya mana: takarda ba ta fita sai na karanta wa mai ita daga bisimilla har sa hannu, in ta Turanci ce in fassara masa, ya ce ya yarda.

Duk da haka sauƙin nan ne ke ba ni tsoro. Na liƙe idon kyamarar da filasta.

Ki gaida Alhaji da kyau. Madu direba zai kawo miki wannan tare da turaren wuta.

Taki har kullum,
Fanna.


Bulumkutu.
2 ga Agusta.

Ya Kaltum,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Ina gajiya, yaya gida, yaya jikin Alhaji? Amsarki ta iso, na ga kin ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. To ki gyara zama ki ji, biri ya fara kama da mutum.

Akwai wata baiwar Allah, Ammatullahi, mijinta ya rasu, tana sayar da ƙuli a bakin titi. Ta zo na buga mata takardar neman taimako zuwa wata ƙungiya, saboda wani ciwo da ke cin ta a ƙirji wanda ko 'ya'yanta ba ta gaya wa ba. Mu biyu ne a shagon, ƙofa a saye. Bayan kwana uku mata suka fara zuwa gidanta dubiya da lemo. Ta dawo ta tsaya a bakin ƙofata, ba ta zage ni ba, ta ce kawai, “Ya Fanna, ai da kin bari na gaya wa yarana da bakina.” Na rantse mata da Alƙur'ani ban faɗa wa kowa ba. Ta ce Allah ya sa, ta tafi. Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Kin san ni. Surutu ina da shi, amma abin da aka kawo teburina a nan yake mutuwa. Wasiyya nawa na buga, takardar ƙorafi nawa, ta sulhu nawa? Da wannan sunan nake ci, ba da iya bugu ba, don yaran yanzu sun fi ni sauri. Shekara goma sha tara ko kalma ba ta taɓa fita ba, sai da wannan abu ya shigo. Me ya canza a shagon in ba shi ba?

Na je wurin Onyema na yi masa tambaya a fakaice, wai ko wani zai iya ganin abin da ake bugawa daga nesa. Ya yi dariya ya ce laftof ɗin ko intanet ba ta da shi, sai ranar da ya haɗa ta da wayarsa don sabuntawa. Ya ce kuma shi wannan tsari ba a ɓoye komai a cikinsa, duk wanda ya iya yana buɗewa ya duba yadda aka ƙera shi, shi ya sa ma ya fi yarda da shi. Na ce duk wanda ya iya. Ni na iya? Ammatullahi ta iya? A duk layin nan mutum ɗaya ne ya iya, kuma shi ne ya sa mini lambar sirrin da nake buɗe ta da ita. Wannan ban faɗa masa ba, na bar shi a cikina.

Sai na yi masa tarko. Na rufe shago da rana tsaka, ni kaɗai, na buga takardar ƙarya cewa zan sayar da shagon in koma Potiskum, na adana ta da babban suna yadda makaho ma zai gani. Na jira sati guda ko wani zai tambaye ni. Shiru. Har na sa ya zo ya yi sabuntawar tasa, ina tsaye a kansa ina kallon rubutu yana gudu a baƙin allon. Shiru dai. Kin ga wayon? Ya gane tarko ne. Mai irin wannan ilimi ba za a kama shi da ƙuli ba.

Abin da ke damuna shi ne fara'arsa ba ta ragu ba. Kullum da safe sai ya leƙo ya gaishe ni da Barbarci, ya ce wushe Hajiya, yaya inji. Jiya Chiazom ta aiko mini da dafaffiyar masara, na ba yaran maƙwabta.

Kada ki gaya wa Alhaji tukuna. A gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Fanna.


Bulumkutu.
27 ga Agusta.

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata ruwan bana bai yi muku ɓarna ba. Ni dai jikina lafiya, zuciya ce ba ta da daɗi, ko da yake yanzu gaskiya ta yi halinta.

Wani ma'aikaci, Malam Pindar, mutumin kirki, ya kawo takardar ƙorafi a kan maigidansa na ofis, shafi uku da sunaye da ranaku. Ya roƙe ni in riƙe masa amana. Na buga, na karanta masa, ya sa hannu. Kafin takardar ta isa inda za ta, maigidan ya san abin da ke ciki layi-layi. Yanzu an tura Malam Pindar wani ƙauye mai nisa, ya bar mata da yara a nan. Ya zo shagona idonsa jawur, ya ce nawa aka ba ni.

Nan fa na kasa haƙuri. Na ce masa ba ni ba ce, ya dubi abin da ke kan teburin nan, ya tambayi wanda ya kawo shi a kyauta me yake samu. Na ce tun da Onyema ya sa mini wannan abu asirin mutane ke yawo a gari. Shi kaɗai na gaya wa, Allah ne shaidata. Amma kafin la'asar maganar ta kai bakin titi, kafin kwana biyu ta yi 'ya'ya: wai duk wayar da Onyema ya gyara sai ya sa mata abin sauraro, wai yana sayar da labarin mutane. Kin san garin nan, kin san abin da kalmar leƙen asiri ke nufi bayan abin da muka gani. Ban yi nufin ta kai nan ba.

Mutane suka yi ta zuwa suna karɓe wayoyinsu, wasu ko haɗa su ba a yi ba. Wasu samari suka tsaya a ƙofar shagonsa suna magana da ƙarfi, sai da Bulama, mai unguwarmu, ya aiko aka kore su, ya kira mu ni da shi. Onyema ya sa aka ɗauko laftof ɗin daga shagona, ya ce a kira duk malamin kwamfutar da aka yarda da shi ya buɗe ta a gaban jama'a. Aka kira wani, ya duba ya ce bai ga komai ba. Wani dattijo ya ce ai abin ɓoye dama ba a ganinsa. Ni ma abin da ke raina ke nan. Onyema ya dube ni ya ce, “Hajiya, shekara nawa muna nan tare?” Na sunkuyar da kai. Mai ginin shagunan ya ce ba ya son fitina, Onyema ya nemi wani wuri kafin ƙarshen wata mai zuwa.

Na mayar masa da kayansa har faifan solar. Na tayar da janareta na koma tsohuwar kwamfutata, ko da ribar duk a mai take ƙarewa. Ga hujjar da za ta rufe bakinki: yau kwana goma sha shida, na buga takardu sun fi talatin, cikinsu har da masu nauyi, ko ɗaya ba ta fita ba. To me kuma ya rage?

Sai dai ban ji daɗin da na zata zan ji ba. In na wuce shagonsa nakan gan shi zaune shi kaɗai, teburin da ke cika da wayoyi wayam. Ya daina leƙowa da safe. Chiazom ta gan ni a kasuwa ta gaishe ni kamar ba komai. Ki taya ni addu'a Allah ya raba mu da sharrin abin da ba mu sani ba.

Taki,
Fanna.


Bulumkutu.
12 ga Satumba.

Ya Kaltum,

Ina gaisuwa. Ki yi haƙuri ban tsaya tambayar kowa ba. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na cuci bawan Allah.

Shekaranjiya ina karanta wa wani tsoho takardar rabon gona da na buga masa, janareta na ta ruri a bakin ƙofa. Ina tsakiyar jimla mai ya ƙare, ya mutu ɗif. Ni kuwa bakina bai mutu ba. Na ji muryata ta cika shagon ta fita waje, kamar mai shela a kasuwa. Ko a kwanakin laftof ban taɓa lura da ƙarfinta ba, sai da ƙarar ta yanke a tsakiyar magana. Shekara da shekaru ina karatu a kan ƙarar inji, na saba ɗaga ta har ban san ina yi ba. Na katse karatun. Sai na ji ta bayan bango wata mata ta ce, a hankali ma ta faɗa, “Ke, an ɗauke mata, yau za mu ji.” Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Na ji ta sarai kamar a kan cinyata take zaune.

Na sallami tsohon na shiga wurin Ketura. Mata biyar, wata ana tsefe mata, wata ana kitsawa, sauran suna jiran layi. Na tsaya na dubi bangon da ke tsakaninmu. Ya Kaltum, falle ɗaya ne na katako, sama ma bai kai rufi ba. Shago ɗaya ne aka raba biyu tun kafin in kama haya, na sani, na manta.

Ketura ta ja ni waje tana kuka. Ta ce tun ranar da na daina kunna janareta suke jin komai, da sunaye da komai. Ta ce ita ba ta kai wa kowa ba, amma mai kitso ba ta da iko da bakin wadda ke zaune a gabanta awa uku. Ranar Malam Pindar, ƙanwar matar maigidansa ce ake yi wa kitson shuku. Maganar da na yi a kan Onyema ma a nan aka ɗauke ta da zafinta. Na ce don me ba ta gaya mini ba. Ta ce da farko kunya ta ji, ni babba ce, daga baya da abin ya girma tsoro ya kama ta kar a ce ita ce. Na so in zage ta, amma da wane baki? Takardar tarkon da na yi ta fariya da ita ba ta fita ba ne don ita kaɗai ce ban karanta wa kowa ba.

Kwamfutar ba ta yi komai ba sai shiru. Ni na tona Ammatullahi, ni na kai Malam Pindar ƙauye, sannan na ɗauki laifin na ɗora wa mutumin da ya ga ina zaune ba aiki ya tausaya mini.

Yanzu ga inda nake. In na yi shiru, Ketura ba za ta yi magana ba, janareta zai ci gaba da rufa mini asiri, sunana yana nan. In na faɗa, ba wanda zai sake kawo mini sirrinsa, kuma garin nan zai yi shekara yana dariyata. Kwana biyu ina juya wannan, kuma ba zan ɓoye miki ba, na so in yi shiru. Amma na je wurin Bulama ɗazu. Ya ce ranar Juma'a bayan la'asar, a gaban shagunan, inda aka ɓata shi.

Ki yi mini addu'a kar ƙafata ta gaza.

Fanna.


Bulumkutu.
18 ga Satumba.

Zuwa ga yayata Ya Kaltum,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kuna lafiya, ke da Alhaji da yara. Na ga saƙonki ta hannun Madu, na gode da ba ki ce kin gaya mini ba, ko da yake kin gaya mini.

Na faɗa. Mutane sun taru fiye da yadda na so, har masu keke napep suka tsaya. Na ce ba Onyema ba ne, ba kwamfutarsa ba ce, muryata ce da bangon katako. Na roƙi gafarar Ammatullahi a gabansu, da ta matar Malam Pindar da ta zo a madadinsa. Wani ya ce daga baya ai ko ba lasifika ana ji na, aka kwashe da dariya. Na tsaya na sha, hakkina ne. Bulama ya yi magana mai kyau, mai ginin ya ce Onyema ya zauna abinsa, ya janye maganar tashi. Wasu daga cikin samarin nan suka je suka ba shi hannu. Tun ranar mutum biyu ne suka shigo shagona, su ma hoton takarda kawai suka zo yi.

Onyema bai yi dariya ba, bai kuma yi fushi ba. Ya ce ya yafe, duniya da lahira, haka ya faɗa da Hausarsa. Na koma gida ina cewa alhamdulillahi an gyara.

Jiya da safe na tarar da a-kori-kura a ƙofar shagonsa ana loda kwalaye. Ashe tun sati biyu da suka wuce ya tura Chiazom da yara garinsu, ranar da aka jefi ƙofar gidansu da dutse. Ban ma san an yi ba. Na roƙe shi, na ce ai kowa ya ji gaskiya. Ya ce waɗanda suka zo taron sun ji, amma waɗanda suka ji ta farko sun fi su yawa, kuma ba zai bi su gida-gida ba. Ya shiga ya fito da laftof ɗin da solarta ya ajiye a teburina, da takarda ɗaya da ya rubuta yadda zan sabunta ta da kaina, mataki biyar, ya tsaya har na sa lambar sirrin da ni kaɗai na sani. Ya ce abin ba wuya, na riga na iya, in daina ƙona kuɗina a mai.

Na ce masa, kai da ka zauna lokacin da bam ke tashi a kasuwa, yanzu ne za ka tafi? Ya ce, “Hajiya, bam bai san sunana ba. Wannan karon da sunana aka kira.”

Motar ta tashi kafin azahar. An sa kwaɗo a shagon, allon sunansa yana nan a sama ba a cire ba, kuma dole ta nan nake wucewa safe da yamma.

Ki gaida Alhaji da yara. In kin samu hali ki zo ki kwana biyu, ina buƙatarki.

Ƙanwarki mai neman gafarar Allah,
Fanna.